Shekarar da Na Sa wa Kakana Fuskar Wani

Takobin nan da ke rataye a zauren gidanmu na Galma, wanda kuke saukewa ranar suna ku nuna wa baƙi, ba na kakana Nomau ba ne. Ni na saye shi a kasuwar Buza wajen wani maƙeri mai ido ɗaya, ni kuma na binne shi kwana bakwai a laka bakin rijiya don ya yi tsatsa ya yi kama da tsohon abu. Nomau bai taɓa riƙe takobi ba. Bai dira daga ganuwa bisa doki ba, bai kashe mutum bakwai a kan matakala ba, ina aka ga matakala a ƙasarmu ta Adar a wancan zamani? Na san ranku zai ɓaci, musamman kai Sani da ka sa wa ɗanka sunansa kana ta yi masa kirari, amma ku daure ku ji ni har ƙarshe. Likita ya hana ni goro, ya hana ni gishiri, bai hana ni magana ba, kuma wannan maganar ta fi shekara hamsin tana zaune mini a ƙirji.

Sai na fara da kakata Tarana, uwar babana, don ita ce aka cuta a cikin labarin nan. A lokacin da nake ba ku labari ita kaɗai ta rage a duniya da ta san fuskar Nomau. An kashe shi babana yana goye, a zamanin da mahayan arewa ke saukowa kan raƙuma bayan girbi, tun Bature bai zo ba. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, kamar yadda matan da suke, sai dai ta ce "mutumin". Ba ta kuma ba da labarin mutuwarsa, in ka matsa mata sai ta aike ka ɗibar ruwa. Ni ne abokin wasanta a gidan, tana ce mini angonta, ina ce mata amarya mai haƙori biyu, amma ko ni ban samu komai daga bakinta ba. Abin da dai kowa ya sani shi ne, kowace shekara in bazara ta yi zafi hadari ya fara taruwa a gabas, da azahar tsaka, lokacin da ko kaji sun shige inuwa, sai ta ɗebi ruwa a ƙoƙo ta zagaya bayan gida gindin wani tsohon rumbu. Ta ajiye ƙoƙon, ta durƙusa, ta gaida wanda ba ma gani. Muna jin muryarta daga tsakar gida tana cewa sannu da rana, lahiya lau, yaran suna nan. Liman ya yi mata magana sau biyu ya gaji ya bari. Awaki ba su kwanciya a inuwar wannan rumbu, ban san dalili ba. Ruwan ƙoƙon kuwa babana yakan ce rana ce ke shanye shi, yana faɗa yana kallon wani wuri.

Wata rana ina yaro na tambaye ta me yake ce mata.

"Ba ya cewa komi," in ji ta. "Tsayawa yake ya dubi hadari, ya dube ni, ya tahi. Da na ga huskarshi na san shekara ta juyo, sai in hiddo iri. Kai dai ba ka da aiki sai tambaya, angon banza."

Shekarar da abin ya faru na wuce ashirin, sojojinmu sun fara dawowa daga yaƙin Turawa da manyan takalma. Ina korar jakai da albasa zuwa Madawa. Na ɗan tsinci Faransanci a wajen aikin dole na hanya, ba mai yawa ba, daidai wanda za a zage ka ka gane. Baki kuwa Allah ya ba ni, har ya yi mini yawa. Rannan na tarar da wani kamiyo, babbar motar kaya, ya kafe a yashin ƙorama, mai shi wani ɗan Dahome da ake kira Mushe Anatol, Mushe ɗin shi ne malam a bakin Faransawa, yana tsaye yana gumi cikin farar hula. Muka tura, ina ta ba mutane dariya ina kwaikwayon kukan injin. Da motar ta fita ya kama hannuna ya ce yana neman mai baki irin nawa. Silima ya kawo, abin da mutanen Sakkwato ke kira majigi, kuma silimarsa ba ta magana.

Akwati ne baƙi mai ido ɗaya da mariƙi a gefe. A rataya farin zane a bango bayan sallar isha'i, a kunna fitilar ciki, Mushe Anatol ya dinga juya mariƙin da hannu, sai mutane su fito a jikin zanen. In hannunsa ya gaji faɗan ya yi sanyi, in sauro ya cije shi dawakai su zabura. Labari ɗaya tal yake da shi, a cikin gwangwani huɗu, asali biyar ne, na farkon ya ɓace tun a hanya, saboda haka ba wanda ya san abin da ya fusata jarumin tun farko, har shi mai akwatin. Jarumin wani Bature ne siriri mai ɗan gashin baki, da fararen haƙora, da faffaɗar hula mai gashin jimina. Ya kama igiya ya yi lilo daga wannan bene zuwa wancan, ya sauka a tsakiyar maƙiya yana dariya, ya kashe bakwai a kan matakala, a soke shi a kafaɗa ya dubi wurin ya sake dariya, ya dira daga ganuwa ya faɗa daidai kan sirdi. Aikina in tsaya gefen zanen in faɗa wa mutane abin da ake ciki.

Daren farko a Madawa na faɗi abin da Mushe ya koya mini, wai wannan sojan wani sarki ne na ƙasar Faransa a zamanin da. Mutane suka yi ta hamma suna hirar farashin jakai. Can sai wani tsoho ya ɗaga murya daga baya, Baba Jatau, wanda ya yi yaƙi na gaske a ƙuruciyarsa, yatsu uku suka rage masa a hannun dama.

"Kai yaro! Wanga mai hula ɗan wane ne? Wane gari? Mutum ba uba ba gari, mu zauna muna kallo nai don mi?"

Kun san halin mutanenmu, ko baƙo ya yi sallama sai an ji ɗan gidan wa ne kafin a ba shi tabarma. Na ga taron zai watse, na ga Mushe yana hararata. Wallahi ban shirya ba, sunan da ya fara zo mini a baki shi na jefa.

"Ashe ba ku gane shi ba? Nomau ke nan na Galma, kakana, ranar da mahayan arewa sunka zo!"

Sai wata mata ta rangaɗa guɗa. Daga nan bakina ya kwance, na mai da benen ya zama dutsen Galma, na mai da masu baƙaƙen riguna mahaya, na cike gurbin gwangwanin da ya ɓace da abin da na ga dama. Da ya dira kan doki mutane suka miƙe tsaye gaba ɗaya, ƙura ta tashi har ta shiga hasken fitilar.

Kada ku ɗauka mutanen da wawaye ne. Ba wanda bai san Bature ne a jikin zanen ba, ba wanda ya ɗauka an yi bene a Galma. Baba Jatau ma tun daga farko har ƙarshe zagi yake yi. Wai wannan takobi ne ko basilla, ina garkuwarsa, wane ne ke yaƙi ba laya ko ɗaya a damtse, wa ya taɓa ganin doki ya tsaya cik ana dira masa daga sama bai karye ba, an yini ana sara ba wanda ya nemi ruwa. Mushe Anatol ya gaya mini ko a can ƙasar tasu masana sun ce ƙarya ce, sarkin da ake nufi bai taɓa yin irin waɗannan sojoji ba. Amma da aka tashi, tsohon ya dafa kafaɗata da wannan hannu mai yatsu uku.

"Ƙarya ce tsagwaronta. Gobe ka aje mini wuri a gaba."

Na ce to Baba, tunda ƙarya ce me za ka zo gani?

"Yaƙin gaskiyar na gan shi, ɗana. Wari gare shi. Mutane na kiran uwayensu, suna zawo a wando. Wanga kau dubi, ko rigar ba ta ɓaci ba."

Mushe yana da wani wasa da yake yi a ƙarshe. Sai ya juya mariƙin baya, waɗanda aka kashe su taso daga ƙasa ɗaya bayan ɗaya, takobi ya fice daga ƙirjinsu, su hau matakala da baya suna lafiya lau. Yara kan yi ta shewa. Na lura tsofaffi ba su dariya a wurin nan. Baba Jatau leɓɓansa kawai ke motsi, kamar yana kiran sunayen wasu.

Labari ya riga mu isa Galma. Da muka kafa zanen a bangon wani ɗakin ajiya kusa da kasuwa, sai na hango Kaka Tarana a sahun mata ta shimfiɗa 'yar tabarmarta. Na yi niyyar in sauya suna, amma tun kafin in buɗe baki samari sun fara kiran Nomau, Nomau. Na yi abin da na saba, ina yi ina satar kallonta. Abin mamaki, dariya take yi. Ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na girgiza. Da ya yi lilo da igiya na ji ta ce "Wayyo, a hankali!" Da safe na kai mata goro ina jiran faɗa.

"Angona, kai maƙaryaci ne na ƙin ƙarawa," in ji ta. "Mutumin ko kaza zai yanka sai ya kau da kai. Gajere ne, ƙafa kamar turmi, ina shi ina tsalle?"

Na ce to in daina?

Ta ɓare goron. "Yau ma za ku yi?"

Dare biyar muka yi a Galma, dare biyar tana sahun gaba. Shekara hamsin tana ɗauke da mutuwar mutumin nan ita kaɗai, ga shi yau gari guda na kiran sunansa, ana sukarsa yana tashi yana dariya. Ban ga laifinta ba. Ni kaina a lokacin cewa nake na yi mata alheri.

Mushe Anatol ya koma kudu kafin ruwa ya ɓata hanya, ya ce zai dawo bayan girbi mu zagaya Buza da Keita. Bazara ta shigo da zafinta. Ranar da hadari ya fara haɗuwa a gabas ina tsakar gida ina gyaran ƙotar hauya, na ga Kaka ta wuce da ƙoƙonta. Na ji ta ce sannu da rana. Ban ji sauran ba. Sai ƙarar ƙoƙo a ƙasa, sai ga ta ta fito daga bayan ɗaki da baya da baya, ba ta yarda ta juya wa rumbun ƙeya ba. Na tare ta. Jikinta sanyi ƙalau a cikin wannan rana. Na leƙa, ba kowa, sai ruwa da ya zube ƙasa tana shanyewa, da inuwar rumbu. Amma na rantse muku tsikar jikina ta tashi, ko tsuntsu ɗaya ba ya kuka a wurin.

"Ba shi ba ne," in ji ta. "Wancan ne. Mai hula. Yana tsaye wurin da mutumin ke tsayawa, yana ta yi mini dariya, baki buɗe, ba sauti."

Na ce Kaka zafin rana ne, gobe za ki gan shi. Gobe ta koma, jibi ta koma. Kullum mai hula. A rana ta huɗu ta kira ni ɗakinta ta sa na sauke asabari, ta ba ni labarin da ta hana kowa.

Ranar da mahayan suka zo, an hango ƙurarsu tun da hantsi, gari ya watse aka hau dutse. Suna tsakiyar hawa, ita da goyo, Nomau ya tsaya ya ce an bar iri. Zangarniyar geron da ya zaɓa da hannunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure dami guda ya ajiye a wancan rumbu. Ya ce in sun kwashe abinci a ci ganye a rayu, in sun kwashe iri me za a shuka? Ta riƙe rigarsa, ya ɓamɓare hannunta. Tana kallo daga sama ya shiga rumbun ya fito da damin a ka. Bai yi faɗa da kowa ba, gudu yake yi, irin gudun gajeren mutum mai kaya. Wani a kan raƙumi ya jefe shi da mashi a baya, bai ma tsaya ya duba ba. Nomau ya faɗi, ya tashi, ya sake ɗaukar damin. Da rarrafe ya iso gindin dutsen, mashin yana jan ƙasa a bayansa. Da ta sauko ta same shi yana kuka kamar yaro yana cewa zafi, zafi, Tarana ruwa. Ba ruwa a kan dutsen. Kafin la'asar ya cika. Geron da muka shuka a gidan nan har na girma, jikokin wancan dami ne.

"Ruwan da nike kai mai ke nan," in ji ta. "Yanzu ban san wa nike ba ba. In na rufe ido in nemo huskarshi, sai haƙoran wancan. Akwatin naku na maida matattu baya, na gani da idona. To ka maido mini nawa. Ka tsaya gaban mutane inda ka ba da sunan, ka karɓe shi."

Na ce na yi alkawari, da Mushe ya dawo zan yi. Kuma har zuciyata na nufa.

Amma ku ji abin da damina ta yi mini. Da can ni Arzika ne mai jakai, yanzu ko'ina na bi jikan Nomau ne. Mai gari ya aiko mini da riga. Mahaifin uwarku, wanda da ko gaisuwata ba ya amsawa da kyau, ya fara tashi yana ba ni buzu. Babana da ya girma maraya ba wanda ya san ubansa, na ga yana tafiya masallaci kafaɗa a buɗe. Da Mushe ya dawo muka fara da Buza, na ce a raina nan ba Galma ba ne, bari sai mun koma gida. Mutane suka gangaro daga ƙauyukan kwari a kan jakai don su ga jikan, suka ce ina takobin? Na ce yana gida, za a kawo. Kun ji inda takobinku ya fito. A Keita kuwa na tarar wani maroƙi ya riga ya yi wa Nomau waƙa, da sunan dokinsa, da sunan mahayin da ya fara kashewa, abubuwan da ko ni ban ƙirƙira ba. Na tsaya ina saurare, kuma in gaya muku gaskiya daɗi na ji. Kowane dare in ce gobe, kowane dare in ga hular nan ta fito a zane in ji bakina ya kama da kansa. Ina son silimar nan, ban taɓa gajiya da ita ba ko sau ɗaya, har yau zan iya faɗa muku a wace matakala yake sauya hannu.

Da muka iso Galma na tarar Kaka ta rame ta zama rabinta. Ta daina wasa da ni. Ba ta ce mini angona ba, Arzika ta ce, kuma ba ta tambaye ni komai ba, takobin da ke rataye a kafaɗata kawai ta duba. Daren nan ta sa aka ɗora ta a jaki aka kai ta wurin. Da jarumin ya fito na ɗaga hannu na ce Mushe ya dakata. Hoton ya tsaya cik, yana riƙe da igiya, baki buɗe. Na ce jama'a ku saurara, wannan ba Nomau ba ne, Bature ne, ni na yi muku ƙarya. Nomau manomi ne, gajere, da damin iri a ka aka kashe shi yana gudu.

Suka fashe da dariya. Sun ɗauka sabon wasa na kawo.

"Mun san Bature ne!" wani ya ce. "Kai dai ci gaba!"

"Jikan Nomau ya sha wani abu yau!"

Na sake faɗa da ƙarfi har muryata ta shaƙe. Wani ɗan uwan babana ya taso ya ce in rufe baki kar in kunyata gida a gaban mutane. Mushe ya ga taro zai rikice ya ci gaba da juyawa, kuma ba su buƙaci bakina ba, su da kansu suka karɓi labarin, ɗaruruwan mutane suna faɗin kalmomina tare, suna ƙirga matattu a kan matakala, ɗaya, biyu, uku.

A nan Kaka ta miƙe. Ta ratsa yara ta nufi zanen da sandarta. Inuwarta ta shiga cikin masu faɗan, ƙatuwa, baƙa, takubba na wucewa ta jikinta. Surutu ya fara mutuwa daga gaba zuwa baya. Ta matsa har hancinta ya kusa taɓa zanen, daidai lokacin da fuskar ta cika shi, ta ɗaga hannu tana shafa kumatun tana neman wani abu. Sai ta buɗe baki, matar da tun ranar aurenta ba a taɓa jin sunan a bakinta ba.

"Nomau."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma har na bayan taro sun ji. Ta jira. Ba abin da ke motsi sai ƙarar mariƙin. Ta sake kira. Mai hula ya kanne ido ya dira kan dokinsa. Da ta juyo hasken yana kan fuskarta, dawakai na gudu a goshinta, ta neme ni da ido.

"Arzika, tsaga nawa ce a kumatunshi? Ukku ko huɗu?"

Na ce Kaka, ban taɓa ganinsa ba.

"Haka ne," in ji ta. "Ni ce na sani."

Aka ɗora ta a jaki aka mai da ita gida. Ba ta kai wata bazarar ba, ta rasu cikin sanyi. A kwanakin ƙarshe duk wanda ya shigo gaishe ta sai ta tambaye shi uku ko huɗu, har baƙi, har yara. Ni kuwa na bar Mushe Anatol daga wannan daren, na ji daga baya zafi ya cinye masa gwangwanayen a wani gari ya koma sayar da gishiri. Amma ban jefar da takobin ba. Babana ya karɓa ya rataye a zaure, na ga yadda yake kallonsa, na kasa. Aka ɗaura aurena da uwarku a matsayin jikan jarumi. Kuka taso kuna tambaya, ni da bakina na ba ku labarin matakala, ina gyara shi kowace shekara. Har mutanen aikin gyaran ƙasa da suka zo Keita wani ya kawo su nan su ga takobin, na zauna na yi musu bayani suna rubutawa.

To ga abin da nake da shi na kakanku, ku riƙe, ba yawa. Gajere ne, mai kaurin ƙafa. Ba ya iya kallon yanka. Da hannunsa yake zaɓen iri. Ya ji tsoro, ya koma duk da haka, ya yi kuka, ya mutu da ƙishi. Tsagar kumatunsa uku ce ko huɗu. Takobin ku yi yadda kuka ga dama da shi, ku ba maƙeri ya yi muku hauya in kuna so. Ɗanka kuwa Sani ka bar masa sunan, sai dai ka sauya kirarin.

Rumbun ya rushe tun ba a haifi yawancinku ba, amma na san gurbinsa, kuma har yau ban ga akuya ta kwanta a wurin ba. Kun sha ganina da bazara ina zagayawa bayan gida da ƙoƙo, kuna cewa tsufa ne. Tun shekarar da ta rasu nake kai ruwan, don ba wanda zai kai in ban da ni. Ban taɓa ganin komai ba sai bana. Hadari ya taru a gabas, gari ya yi tsit, na ajiye ƙoƙon na durƙusa da ƙyar, na roƙi Allah ko sau ɗaya ya nuna mini gajeren mutum da dami a ka, in dubi kumatunsa in ƙirga, in na je lahira in gaya mata. Na ce sannu da rana, na ɗaga kai.

Yana nan tsaye, da hularsa da gashin jiminar, haƙora fari tas, yana dariyar nan da ba ta da sauti. Kuma abin da har yanzu yake hana ni sukuni, 'ya'yana, shi ne da na gan shi daɗi na ji.